Rabin Bishiyar Darbejiya

Hotuna biyu ne a falon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, Kaka da Alhajinta. Ba na kyamara ba, zanen hannu ne da fenti, wani mai zane a jikin manyan motoci ya yi su shekarar da suka sauke farali. Bai taɓa ganin Kaka ba, tana cikin kulle. Hoton fasfo aka kai masa, ya ƙara mata haƙorin Makka da kansa. A bayan kowannensu ya zana rabin darbejiyar tsakar gida, sai an jera su bishiyar take haɗuwa, su kuma suna kallon juna.

Ni nake goge su duk Juma'a tun ina firamare. Ni na yi jinyar Kaka har ta cika. Amma da aka zo rabon kaya, Kawu, babban ɗanta, ya ɗauki hotonta ya miƙa wa ƙanwata.

"Takwararta ce," ya ce. "Ke ki riƙe Alhaji."

Takwara! Suna kawai ta ci, ko ruwan alwala ba ta taɓa zuba mata ba. Na karɓi Alhaji saboda Kawu ne, amma wallahi ranar na ji haushin yarinyar nan har cikin ƙashina.

Na kai Alhaji ɗakina na rataye. Shekara biyu yana kallon gefe, inda babu kowa sai firji.

Da sallah na je gidan ƙanwata a Tarauni. Ta yi wa Kaka sabon firam mai ruwan zinare, baƙi suna ta cewa ga kama nan, har hancin. Ni da aka ce na ɗauko goshin Alhaji ina gefe ina cin cincin kamar zan fasa haƙori. Na lura Kaka ma labule take kallo.

Sati guda ina faɗa da zuciyata. Ranar Asabar na naɗe Alhaji a zani, na tare adaidaita sahu zuwa Tarauni. Da hannuna na buga ƙusa, na daidaita su har darbejiyar ta haɗu.

Ƙanwata ta riƙo hannuna. "Yaya, kin bar min ke nan?"

"Ke a wa? Wajen matarsa na kawo shi."

Har yau ban cire ƙusar ɗakina ba. Duk Juma'a kuma ina zuwa Tarauni da tsummana, don na san ba za ta goge su ba.