Dakta Mubina, Mai Karanta Taɓon Fadama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 22 ga Yuli, 2015, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, Allah ya karɓi ran Dakta Mubina Zulkifilu Nguru, masaniyar kimiyyar ƙasa, a gidanta da ke Greenbelt, nan ƙasar waje inda muke zaune, bayan doguwar jinya. Ni Sadiyya, malamar kimiyya da ke tara yaranmu a Lanham duk Asabar, na rasa yaya, na rasa malama.

Yaya Mubina, zan fara da kuskuren da kika tarar da mu a ciki, domin da yawa cikin masu karanta wannan suna kansa har yau. Mu da muka taso inda ake zuba ido ga damina, da zarar mun ga kore sai mu ce albarka. A 2006 muka kwashi iyalai zuwa bakin kogin Patuxent shan iska. Ga wata ciyawa mai kara, ta fi mutum tsawo, ta rufe fadamar iya ganin ido. Muka jera a gabanta ana ɗaukar hoto, ana ta masha Allah. Alhaji Baharudeen, dattijonmu mutumin Kumasi, har ya tono saiwarta ya ƙunshe a leda.

Kika ce, "Alhaji, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Shinge zan yi a bayan gida, Dakta. Maƙwabta sun cika leƙe."

Kika ce, "To ka fara neman wani gidan. Kai da maƙwabtan duka."

Aka yi dariya, amma taki ba ta daɗe ba. Kika zaunar da mu kika ba mu labarin fadamar mahaifinki a Nguru, yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonar shinkafa, har ya kifar da kwalekwalensa a gindin tsamiya bai sake turawa ba. Kika ce wannan ta Patuxent ba kacalla ba ce, Turawa na ce mata Phragmites, baƙuwa ce da ta tsallako teku. Amma halinsu ɗaya: inda suka sauka ba sa barin kowa.

Ba ki taɓa koyar da mu daga tsaye ba. Sai ki sa takalman roba har gwiwa, ki ɗaure hijabinki a ƙugu, ki shiga. Ki damƙo taɓo daga wurin da ciyawar asali take, baƙi wuluk, mai santsi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yara su toshe hanci, ki ce musu wannan warin shi ne lafiyar fadama. Sannan ki kutsa cikin karan ki damƙo wani. Shi kuwa ya yi tauri, cike da matattun ganye da saiwa. A nan kika nuna mana abin da ido ba ya gani. Karan yana zubar da ganye shekara bayan shekara har ƙasa ta ɗago, ƙananan kududdufan da 'ya'yan kifi ke ɓuya su cike su bushe. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa, tana kai iska inda iska ba ta zuwa, sai tsohon taɓon da ya daɗe a kwance ya fara ruɓewa. Hasken rana kuma ba ya kai wa ƙasa, irin da ya faɗi ba ya tsirowa.

Kuma ba ki yi wa ciyawar ƙarya ba. Kin sha gaya wa yara cewa wannan saiwar tana riƙe gaɓa idan teku ya taso, akwai wuraren da cire ta ya fi barin ta ɓarna. Ba ki son su tsani abu kafin su san shi.

Masu kula da wurin suka ba ki wani ɗan yanki, bai fi filin idi na ƙaramin gari ba. Kowace shekara, kafin karan ya fid da kai a watan Agusta, sai mu fita mu da yara da lauje da almakashin lambu, mu yanke, mu kwashe, mu shimfiɗa baƙar leda. Yaran da ko gaisuwa sai sun amsa da Turanci, a wurin nan suka koyi cewa taɓo, saiwa, fadama. Bara shinkafar daji ta tsiro a gefen ruwa. Kika durƙusa a gabanta kina kuka, kin ce kamar kina ganin gonar Baba.

Da na je duba ki a cikin azumi, muryarki ta yi ƙasa sosai. Na soma yi miki addu'a, kika amsa, sannan kika riƙe hannuna kika ce, "Sadiyya, kada ganin shinkafar nan ya ruɗe ku. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta. Shekara ɗaya kuka tsallake, ta dawo."

Ranar Lahadi na je wurin ni kaɗai. Ciyawar ta riga ta fara dawowa. Ta ɓullo ta gefen ledar, tsirrai masu tsini, wasu sun kai ƙugu. Na damƙo taɓon na murza na sansana yadda kike yi, ban iya karanta komai ba. Na tsaya ina riƙe da shi, ba wanda zan tambaya.

Maigidanki, Alhaji Muntaka, ya gaya mini cewa a maƙabarta, da aka zo zuba ƙasa, ya ɗebi tasa, sai ya ga yatsunsa suna murza ta ba da saninsa ba. Ya ce, "Ja ce, mai yashi, ba ta riƙe ruwa. Da Mubina ta gani da ta yi magana."

Ina miƙa ta'aziyyata gare shi, da 'ya'yanku Farhana da Nasir, da Hajiya Saudatu mahaifiyarki a Nguru, wadda nisa ya hana ta ganin fuskarki. Allah ya ba su haƙuri, ya cika musu ladan rashi. Allah ya jiƙanki, Yaya Mubina, ya yalwata makwancinki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya sa abin da kika koyar ya bi ki da lada.

Ku kuma iyaye, ranar Asabar mai zuwa da safe za mu taru a Lanham mu wuce kogin. Alhaji Baharudeen ya ce zai kawo motarsa da lauje. Ku zo da yaranku da tsofaffin kaya. Kafin ku yanki ko kara ɗaya, ku sunkuya ku damƙo taɓon nan da na can, ku murza, ku sansana da kanku. Takalmanta na roba suna wurina. Duk wadda suka yi wa daidai, ta sa.