Majigin da Aka Ɗauka a Gidanmu

Na dawo Illela shekara biyu bayan samun mulkin kai, bayan na shafe shekara shida ina dako a bakin teku a Abijan. Lokacin da na tafi, a kan iyakar da ke tsakanin Ƙonni da garinmu bukka ce guda da sanda a gicciye, mutum ya yi sallama ya wuce. Da na dawo sai na iske ma'aikaci da kaki yana tambayar takarda. Wadda ke hannuna ta Faransanci ce, na yi ta ne don in samu aiki, kuma a ciki an rubuta cewa a Ƙonni aka haife ni. Sai da yayana ya zo da mai unguwa suka shaida ni kafin a bar ni in shiga garin da aka yanke mini cibiya.

A hanyar gida yayana ya gaya mini mahaifinmu ya rasu wata bakwai da suka wuce. Sun aika wasiƙa, ba ta same ni ba. Gidan yana hannunsa, shi da matarsa da 'ya'yansu uku, Inna kuma tana ɗakinta na gabas. Ba a raba gado ba. Ba wanda ya tayar da maganar, ni ma ban tayar ba. Aka share mini ɗakin da ke jikin zaure, na shiga taya shi sana'ar fata da ƙirgi.

Akwai abin da na zo da shi wanda ban nuna wa kowa ba. A bakin teku 'yan dako suna haɗiyar wata farar ƙwaya don kada su ji gajiya, ni ma na koya. Da na dawo sai na tarar ba na iya yini biyu ba tare da ita ba, hannuna ya dinga rawa. Na samu mai sayarwa a bayan tashar Ƙonni. Sau biyu a mako nakan hau keke in ce zan je canjin kuɗin sefa. A zatona ba wanda ya sani.

Bayan girbi wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mutum uku ne a ciki: Bature mai na'urar ɗaukar hoto, direba, da wani dogon mutum mai Hausar Kano wanda shi ne shugabansu. Ɗan aiken hakimi ne ya rako su. Suka ce majigi za su ɗauka na wayar da kai, kuma gidanmu ya yi musu saboda faɗin tsakar gida. Dogon ya zauna a zaure ya ba mu labarin majigin. 'Yan'uwa ne biyu, ubansu ya mutu. Ƙaramin ya daɗe a ƙasar waje, ya dawo ba takardar kirki, ya kuma koyo shaye-shaye. Ya matsa a raba gida don ya sayar da rabonsa. Da ya kai nan sai ya dube mu ya ce ba sai an nemo kowa ba, ga wa ga ƙane.

Na dubi yayana. Yana ɓare goro, bai ɗago kai ba. Ya ce in dai hakimi ya yarda, shi ba shi da ta cewa.

Aka mayar da matarsa da yara gidan maƙwabta, Inna ta ce ita ba inda za ta. Kwana huɗu aka yi ana aikin, kuma a kwanakin nan ban samu tsallakawa Ƙonni ba. A rana ta uku aka zo wurin faɗa. Aka ba ni kwalba da ruwan shayi a ciki, aka tsayar da mu a bakin rijiya. Dogon ya ce, "Na'urar nan ba ta ɗaukar murya. Ku faɗi duk abin da kuka ga dama, mu dai bakinku ya motsa, a ga fushi."

Baturen ya ɗaga hannu. Yayana ya matso har ina jin warin goro a bakinsa, ya ce, "Shekara shida ba ka aiko da ko gaisuwa ba. Baba yana kiran sunanka har ranar da ya cika. Kai ko ka dawo muna hannunka yana rawa. Ka aza ban san abin da kaka zuwa nema Ƙonni ba?"

Na tsaya riƙe da kwalba. Dogon ya tafa, ya ce madalla, amma ni ma in mayar da magana, a sake. Aka sake har sau uku, kuma duk sau ukun abin da yayana ya faɗa ke nan, bai canza kalma ba. A na ukun na ɗaga murya na ce, "To a raba gidan! A ba ni nawa!" Abin da labarin ya ce in nema ke nan. Amma da ya fita daga bakina ban san ko na labarin na faɗa ko nawa ba.

Inna ta fito daga ɗaki ba ko takalmi. Dogon ya durƙusa yana yi mata bayani cewa wasa ne. Ta ce, "Wasa da gidan ubansu? Mi aw wasa cikin wanga?" Ta koma ciki ta saki labule.

Da aka tashi, yayana ya zuba mini ruwa na wanke hannu, muka ci tuwo a akushi ɗaya, yana yi mini zancen farashin ƙirgi.

Rana ta huɗu aka ɗauki ƙarshen a kan iyaka. 'Yan doka biyu suka riƙe ni suka tsallakar da ni, ma'aikacin da ya taɓa tsare ni da gaske shi ya ɗaga sandar, yana ta ƙoƙarin ɓoye dariya. Kafin motar ta tashi na ja dogon gefe na tambaye shi wa ya ba shi labarin. Ya ce a ofis aka rubuta shi tun kafin su baro Kaduna. Daga baya ɗan aiken hakimi ya ce mini ranar farko yayana ya daɗe da su a cikin mota suna magana. Da na tuntuɓi yayana sai ya ce, "Ni mi na sani ga majigi? Hanyar ƙauyen Amarawa suka tambaye ni."

Wajen wata huɗu aka yi kafin a kawo majigin. Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan sallar magariba, har mutanen Ƙonni suka tsallako kallo. Wani mai bayani ya riƙe lasifika yana saka mana magana a baki. A bakinsa ni ba ɗan gidan ba ne ma, baƙo ne da ya zo da ƙarya don ya ci gadon marayu. Yayana kuma, a wurin da ya faɗa mini maganar Baba, sai aka ji mai bayani yana cewa, "Ina takardarka ta shiga ƙasa?" Mutane suna ta shewa. Ni kuwa hannuna nake kallo a jikin ƙyallen, ya yi girman tabarma, kwalbar tana kaɗawa a ciki. Wani na kusa da ni ya ce lallai yaron nan ya iya kwaikwayo.

Washegari dattawa biyu suka zo zaure yi wa yayana jaje. Mai furar da nake saye a wurinta ta kawar da kai da ta gan ni. A Amarawa wani ya tambaye ni yaushe aka bar ni na dawo. Tun ina bayani har na daina, don in na ce ƙarya ne sai in tuna ba duka ne ƙarya ba, in rasa inda zan tsaya.

Na tattara na tafi Kalmalo wurin kawuna, ƙanen Inna, mai su a tafkin garin. Na gaya masa gaskiya game da ƙwayar. Bai yi mini faɗa ba, ya karɓe keken ya ba ni taru. Na yi makonni ina zazzaɓi da amai, ba na son ganin kowa. Sau ɗaya na taka da ƙafa har Ƙonni na sayo, na sha, na dawo na faɗa masa. Daga wannan ban sake ba.

Kafin damina Inna ta aiko a kira ni. Na iske ta sa an ɗauko malamin unguwa da shaidu biyu. Ta ce tun da gari duka ya riga ya ga an nemi rabo, gara a yi shi tana da rai. Na ce ni ban nema ba. Ta ce da kunnenta ta ji. Yayana ya ce shi duk yadda aka yi daidai ne.

Malam ya fitar wa Inna nata, sauran aka auna da igiya. Ɓangaren zaure ya faɗo mini, na ciki ya faɗa wa yayana, rijiya ta faɗo daidai kan layi aka bar ta ta kowa. Aka yi addu'a aka watse. Da la'asar babbar 'yar yayana ta fito da tsintsiya, ta tsaya a tsakar gida ta tambayi ubanta iya ina za ta share. Ya ce ta tambaye ni. Na ce ta share duka.