Goggo Ireen ta Jaridar Ing'oma

Goggona Ireen Kapambwe ba ta iya kaɗa komai ba, ko a coci ma in ta ja waƙa sai yara su sunkuyar da kai suna dariya. Amma a Kitwe, zamanin da muke tasowa, babu makaɗin da bai san ta ba.

Tana budurwa ta sami aikin buga tafireta a Ing'oma, wata jaridar kiɗa da ke fita duk Juma'a. Wani tsohon malamin makaranta, Mista Nkonde, shi ya kafa ta a ɗaki guda bayan shagon tela. Da farko waƙoƙin Turai kawai suke jerawa, wai su ne suka fi tashe. Goggo kuwa a Wusakile take, unguwar masu haƙar tagulla, ta kuma san ba su ake rawa da su a can ba. Ta gaya wa Mista Nkonde haka. Ya ce to ta je ta tambayo.

Ta ari keken babana. Kowane mako sai ta bi shagunan faifai da mashaya har Chamboli, tana tambayar abin da aka fi saye da abin da aka fi roƙo. Kakata ta yi ta faɗa, ta ce wane ne zai auri yarinyar da aka saba gani a ƙofar mashaya.

"Mama, wanda ya iya rawa mana," in ji Goggo.

Wani mako, waƙar wasu leburorin rami su huɗu, da harshenmu na Bemba, ta zo kan gaba. Mista Nkonde ya ɗan yi jim, don ko takalmin kirki ba su da shi, sannan ya sa hotonsu a shafin farko. Kafin azahar jaridar ta ƙare. Babana ya ce a ƙarƙashin ƙasa ma, cikin ramin tagulla, hannu da hannu aka riƙa miƙa ta, ana haskawa da fitilar hula. Ba a jima ba rediyo ta fara sa waƙar. Daga nan samarin da ke kwaikwayon Turawa suka koma tambayar kakanninsu tsofaffin waƙoƙin ƙauye, suna ɗora musu jita.

Da farashin tagulla ya faɗi, takarda ta yi tsada, Ing'oma ta rufe. Goggo ta yi kuka, sannan ta kama sayar da busasshen kifi a kasuwa, da shi ta rene 'ya'ya biyar. Mijinta direban bas ne, kuma gaskiya bai iya rawa ba.

Yanzu gwiwa ta hana ta fita. Jikokinta kan kunna mata sababbin waƙoƙi a waya, ta saurara har ƙarshe ido a rufe, sannan ta yanke hukunci.

"Wannan yaron zai yi nisa, in ya daina ihu. Sake sa mini."