Zoben Bindigar Ƙadangare

Duk gandun dajin nan ba mai kiransa da sunan yanka. Ƙadangare ake ce masa, har matarsa in ya ɓata mata rai. Shekara ashirin da shida yana harbi, amma ko ɓera bai taɓa kashewa ba, don allurar barci yake harba wa namun daji in za a yi musu magani. Sunan ma a bakin aiki ya tsince shi. In ya kwanta rub-da-ciki ya kafa ido a madubin bindiga, sai ya hau gyaɗa kai, sama, ƙasa, hagu, dama, abokan aiki na bayansa suna ƙunshe dariya.

Shi kuwa ba wasa yake ba. A cikin madubin akwai siraran layuka biyu da suka gitta juna, mahaɗarsu ita ce saiti. In ka motsa kai ka ga layukan suna yawo a jikin dabba, to madubin zuƙi yake maka, allura za ta sauka inda ba ka aike ta ba. Sai ka murɗa abin murɗawa na gefe, ka daidaita shi da nisan dabbar, har layukan su manne wuri guda ko kanka na rawa. Wannan bayani ba wanda bai sha shi ba a wurin, har mai shara, don mutumin akwai baki.

Abin da ba ya faɗa shi ne zancen zoben baya, na kusa da ido. Shi ba ruwansa da nisa, aikinsa ya fito da layukan tar daidai da idon mai bindiga. Tun da Ƙadangare ya haura arba'in ya fara murɗa shi a ɓoye, bana kaɗan, baɗi kaɗan. Matarsa ta yi maganar asibitin ido har ta gaji, ya ce tabarau na malaman ofis ne. Ina! Tsoro ne fal cikinsa. Dokar wurin ita ce wanda ya faɗi gwajin ido a karɓe bindiga a kai shi bakin ƙofa yagar tikiti. Shi ya sa ko taɓa ta ba ya bari a yi, wai bindigarsa ba ta son hannu biyu.

Wata safiya aka hango gwanki yana ɗingishi, wayar tarko ta nutse masa a ƙafa. Suka fita a mota da sabuwar likitar dabbobi, wadda ta yi sa'ar 'yarsa ta fari. Tun a hanya ta ja masa kunne: a cinya, Baba. In allurar ta same shi a ciki, sai dai gawa.

"Kafin a haife ki nake harbin cinya," in ji shi.

Ya kwanta, ya leƙa. Ga gwanki, amma layukan sun zama dishi-dishi. Ya kai yatsa ya murɗa zoben. Ƙyam. Ya ƙara matsawa, ko gezau, zobe ya kai ƙarshe. Zai iya harbawa a kan dace, in ya kuskure ya ɗora wa iska laifi, wa zai musa masa? Gwankin ya ɗaga ƙafar ya kasa ajiyewa. Tausayi ya kama Ƙadangare, kunya kuma ta rufe shi.

"Likita, an koya muku harbi a makaranta?"

"An koya, Baba."

"Zo ki leƙa."

Ta kwanta, ta leƙa, ta ɗago. "Baba, ai ni hazo kawai nake..." Sai ta haɗiye sauran, ta dube shi.

"Kar ki kalle ni, ni ba gwanki ba ne. Ɗaga bakin bindigar sama, ki gaya min in layukan sun fito."

Ya riƙa mayar da zoben baya da hannunsa har ta ce sun fito. Ya sa ta dawo kan dabbar, ta gyaɗa kai, yana murɗa na gefe. Direba ya tuntsire da dariya, wai an samu ƙadangaruwa. Ta ja kunama, allura ta sauka a tsakiyar cinya. Da gwankin ya zube, Ƙadangare ne ya datse wayar, yana ta yi masa faɗa kan yawon banza.

A hanyar dawowa ta yi ƙasa da murya. "Baba, me zan rubuta a rahoto?"

"Abin da ya faru."

"Za su kira ka gwaji fa."

"Na sani, 'yata. In kin zo wucewa ta ƙofa, ki riƙa gaishe ni da ƙarfi, don na gane ke ce."

A ɗakin ajiya ya goge bindigar tas, ya kwantar da ita a akwati, ya kulle. Ya miƙa wa likita makullin. Sai da ta ja sau biyu kafin ya saki.