Muciyar da Aka Sassaƙa a Jamus

Cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina aikin ɗab'i, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na tsaya gaban kwamitin ƙarin girma ana tuhumata da laifin tuƙa tuwo. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, kuna ta rububin a tura ku kwas ƙasar waje, ku saurara.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, ana ta odar kaya daga waje kamar gobe za a rufe teku. Maɗaba'armu ma ta yi odar sabon inji daga Jamus, irin wanda ake ce wa ofset. Kafin nan da baƙaƙen dalma muke aiki, ana jera su layi-layi. Shi kuwa sabon, farantin ƙarfe mai ɗauke da rubutun ake ɗora masa, kafin azahar ya buga abin da muke kwanaki muna fama da shi. Masu injin suka ce a turo mutum biyu su yi wata shida suna koyo, mai tuƙa inji da mai gyaran lantarki. Kowa kuma ya san wanda ya dawo da ilimin shi zai zama shugaban sabon sashen.

Ni ne mai tuƙa injin, ina mataki na shida. Gurbin mai lantarki kuwa, wayar gari muka yi an goge sunan mai shi an sa na Alhaji Tijjani, mataimakin manaja, ɗan Kabara, mai mataki na goma sha biyu. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu a ofishinsa sai ya buga ƙararrawa an kira masinja. Amma yana da ɗan'uwa a jam'iyya. Aka rubuta masa shugaban tawaga. Tawagar kuma ni ne. A ƙa'idar aiki, shugaban tawaga shi ke rubuta rahoto a kan na ƙasa da shi idan an dawo, kuma rahoton nan shi kwamiti ke dubawa kafin a ɗaga mutum.

Mai ɗakina Uwani ta ƙulle mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta cusa a ƙasan akwati. A filin jirgi Alhaji ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

"Sabo, Turai fa za mu, ba kasuwar Rimi ba. Can da cokali mai yatsu ake cin abinci. Kada ka zubar mana da mutunci."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Aka sauke mu a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da madafi, kusa da masana'antar. Kwana uku na farko Alhaji ya yi ta yabon Turawa. A kantin abincin ma'aikata sai ya nuna nama da yatsa, ya tambaya da Turancinsa na ofis, a ce masa alade ne. Ya nuna na kusa da shi, a ce shi ma alade ne, niƙawa kawai aka yi. Muka koma dankali da ƙwai da wani burodi mai tauri da sai ka jiƙa shi a shayi kafin ya yarda da haƙori. Kafin sati uku babbar rigar Alhaji ta fara yi masa yawa. Wata Lahadi da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya tsaya yana kallon silin.

"Sabo, kayan nan da ka zo da su... ba ka dai zubar ba ko?"

Kayan suna nan, amma wa zai dafa? A gidanmu na Koki, namiji in ya leƙa madafi sai mata su tambaye shi ko wani abu ne ya ɓata. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe muciya ba, Alhaji kuwa bai ma san inda madafin gidansa ya fuskanta ba.

Wanda ya cece mu wani Baturke ne mai suna Hasan, lebura a masana'antar. Ya tarar da ni ina sallah a bayan tulin takarda, ya jira na sallame, ya rungume ni kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, da hannu da ɗan Larabcin makarantar allo muka yi wata shida muna hira. Shi ya kai ni kantin mutanensu inda ake sayar da naman yanka da garin samolina. Na zana masa muciya a takarda, ya ɗauki wani katako na akwatin kaya ya sassaƙa mini ita, ya goge ta tas. Ran da ya ɗanɗana miyar kuka, sau uku ya ce alhamdu lillahi, daga ranar kuma bai ƙara zuwa gidanmu ba sai ya cika cikinsa a gida.

Gwajinmu na farko, abin da ya fito ba tuwo ba ne ba kunu ba ne, kuma har muka dawo tukunyar ba ta koma daidai ba. Sai na tuna da kaset. A zamanin babu waya a gidajenmu, in kana waje sai ka ɗauki maganarka a rakoda ka aika ta gidan waya. Idan kaset ya iso, ba wasiƙa ba ce da za a shiga ɗaki a karanta. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, kowa ya zauna ya ji muryar ɗan'uwansa. Na yi gaisuwa, na roƙi Uwani ta koya mini tuwo.

Bayan kusan wata guda amsa ta zo. Farkon kaset ɗin babu komai sai dariyar mata. Da ƙyar Uwani ta tsagaita ta ce, "Malam, ka dama garin da ruwan sanyi tukuna, shi ne talge. In ruwa ya tafasa ka zuba, ka bari ya nuna. Sannan ka riƙa zuba gari kana tuƙawa, kada ka ji tausayin hannunka. Ka rufe ya sulala. Kuka kuma kaɗan-kaɗan ake barbaɗawa ana kaɗawa, in ka juye gaba ɗaya kai da gudaji ne."

A nan abin ya juya. Alhaji dama aji ya gagare shi. Sati na farko gyangyaɗi ya yi ta yi ana nuna zanen wayoyi, sati na biyu ya ce sanyi ya kama masa gwiwa. Ni ina fita da sassafe, ina wuni a gindin inji da wani tsohon Bajamushe da ba ya dariya, ina koyon daidaita ruwa da tawada. Shi kuwa yana gida da rakoda, yana mayar da kaset baya yana bin Uwani daki-daki. Wata rana na dawo na tarar da mataimakin manaja ya ɗaura tawul a ƙugu, ya dafe tukunya da tsumma, yana tuƙi yana zufa.

Gaskiya ɗaya ce, Allah ya ba shi hannu. Kafin wata uku tuwonsa ya yi laushi, ya yi danƙo, malmalarsa kamar ta gidan biki. A tire ɗaya muke ci, a ƙasa, da hannu. Cokali mai yatsu ban ƙara jin labarinsa ba.

Ya ce, "Sabo, bar ranka ya daɗen nan, nan ba Kano ba ce. Ce mini Yaya."

Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, da yadda bai taɓa son aikin ofis ba. Da na kwanta zazzaɓi, shi ya dafa mini farfesu ya zauna a bakin gado har na shanye. Ba zan ɓoye muku ba, na so mutumin nan har cikin raina, na ɗauka na yi ɗan'uwa.

Duk lokacin da zan aika kaset kuwa, sai ya karɓe rakodar. "Malama Uwani, Alhaji Tijjani ne ke magana. Tuwo dai na gama da shi, yau wanda na tuƙa ko ke sai kin sara mini. Kukar ce har yanzu take mini gudaji. Don Allah maburgin nan, da sauri ake juya shi ko a hankali?"

Wata shida suka cika. Hasan ya raka mu filin jirgi yana share hawaye. Muna gab da sauka Kano, Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Maganar tukunya kada ta sauka daga jirgin nan. Ka yi mini alkawari." Na yi masa. Muna taka ƙasa, 'yan tarya suka yo kansa, ya miƙo mini jakarsa ba tare da ya waiwayo ba. Na ce, "Yaya..." Ya dube ni sama da ƙasa. Na gyara, na ce ranka ya daɗe.

Sati biyu bayan nan na fara jin masinjoji suna ce mini Sabo Muciya. Wani ya tambaye ni ko ina karɓar aikin biki. Sai magatakarda ya ja ni gefe ya nuna mini rahoton. Alhaji ya rubuta cewa na fi ba da ƙarfi a ɗakin girki fiye da ɗakin karatu, don haka yana ba da shawara a ba wa Bala sashen. Bala ƙanin matarsa ne, iyakar saninsa da injin shi ne ya taya an sauke shi daga mota. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Ba kujerar kaɗai ta dame ni ba, ko da yake ina da iyali, kuma in ta wuce ni shi ke nan. Mutumin da ya dafa mini farfesu da hannunsa, shi ya rubuta wannan. Ga alkawari kuma ya ɗaure ni. Na gaya wa Uwani. Abin da ya ƙara ɓata mini rai, dariya ta yi, ta ce, "Kai dai je ka."

Kwamitin mutum biyar ne, Alhaji yana ciki. Shugabansu Malam Inuwa, tsohon manaja, dattijo mai magana a hankali, gidansa lungu biyu ne tsakaninsa da namu a Koki. Ya sa tabarau ya karanta rahoton da ƙarfi, ya ajiye.

"Malam Sabo, an ce girki ka je yi. Haka ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aji na je. Ga takardar shaidata."

Alhaji ya ce, "Takarda ai kowa ana ba shi. Ni da nake can na ga abin da na gani. Abin kunya, namiji da gemunsa."

Malam Inuwa ya ce, "To in ba kai ba ne, wa yake dafa muku?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Akwai alkawari a tsakani, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sannan ya juya wajen Alhaji, da murya irin ta mai tambayar lafiyar iyali.

"Alhaji, kafin in manta, Hajiya mai ɗakina ta ba ni saƙo. Ta ce in tambaye ka, kukar nan ta daina yi maka gudaji kuwa? Ta ce maburgi da sauri ake juya shi."

Sai wani daga cikin 'yan kwamitin ya ƙware da ruwan da yake sha, ya fita yana tari, muna jiyo dariyarsa a baranda. Alhaji ya cire hula ya mayar.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ni na san za a saurari kaset a gidanmu, ban san aronsa ake yi ba. Matar Malam Inuwa ta aiko an ba ta, daga nan ya je gidan suna a Gwale, ya zaga har Kabara. Tun muna tsakiyar sanyi a Jamus, babu matar da ba ta san Alhaji Tijjani yana fama da gudaji ba. Mazan ofis ne kawai ba su sani ba, kamar kullum.

Malam Inuwa ya ce a sauka ƙasa wajen inji, a ba ni faranti a ba Bala. Bala ya zagaya injin sau biyu yana neman inda ake kunnawa. Ni na ɗora nawa, na daidaita ruwa da tawada, na miƙa wa kwamiti takarda tana ɗumi. Kafin la'asar aka ba ni sashen, kuma sunan Muciya ya tashi daga kaina ya koma inda ya dace, sai dai ba a faɗarsa da ƙarfi.

Abin da na koya, ku riƙe shi. In an tura ku waje da babba, ku ci tare, ku yi dariya tare, amma ku sani wani zumuncin yunwa ce ta ƙulla shi, ranar da aka ƙoshi yake warwarewa. Kuma a aikin nan namu na ga mutane da yawa suna tinƙaho da kujerar da ba su san aikinta ba, suna jin kunyar abu ɗaya tak da suka iya. Gwamnati ta kai Alhaji Tijjani Jamus ta dawo da shi, sana'a guda ya koyo, ya kuma ƙware a kanta, ita ce kuma ya nemi ya binne ni don kada a sani.

Har ya yi ritaya bai ƙara amsa gaisuwata da baki ba, sai dai ya ɗaga hannu. Muciyar Hasan tana nan a gidana, Uwani ta ce ta fi na kasuwa daɗin riƙo. Wani lokaci in an kawo mini tuwo nakan tsaya ina kallonsa, ta tambaye ni ko gishiri ne bai ji ba, in ce a'a. Ta yaya zan gaya mata har yau ban ci tuwon da ya kai na Yaya ba?