Ranar da Goggo Hilkka Ta Sauka Ba Gayyata

Tun kafin sanyin safiya ya saki tafkin Saimaa, Hilkka Kosonen ta gama loda wa jirgin ruwanta kaya. Baƙin burodi a gefen dama, madara da askirim a akwatin sanyi, sabon dankali a buhu, ashana da kananzir da maganin sauro a ƙarƙashin benci. Garin kofi kuwa kusa da hannunta take ajiye shi, domin a cewarta mutumin tafki zai yafe maka komai ban da ka manta masa da kofi. Sai ta tayar da inji, ta kama hanyar tsibirai. Haka take yi kowace bazara, shekara talatin da ɗoriya, daga rufe makarantu har ganye ya fara ja. A bana ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji.

Jirginta kanti ne mai yawo a kan ruwa. Duk wanda ya yi ƙuruciya a gidajen katakon nan na bakin tafki, inda babu lantarki babu famfo, sai rijiya da murhun itace, ya san ƙarar injin nan kamar yadda ya san muryar uwarsa. Da mun jiyo ta daga nesa sai mu fito daga ruwa, haƙora na karo don sanyi, mu sheƙa kan gadar katako ba takalmi muna kiran, "Goggo Hilkka! Goggo Hilkka!"

"A yi layi," in ji ta. "Ba na ciniki da jiƙaƙƙun kwaɗi."

Goggo Hilkka, ke ce kika zare ƙugiyar kifi daga kunnen wani baƙo kina ba shi labarin yanayi. Ke ce kika juya jirgi da mace mai naƙuda kika kai ta gari, burodin rabin tafki ya kwana a hanya, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Waɗannan kowa ya san su. Amma akwai wani aiki guda da ke kanki har yau ba ki yarda alheri ba ne, shi ne nake so a ji.

Dokar tafki ɗaya ce. Mai son jirgi ya tsaya sai ya rataye farin ƙyalle a bakin gadarsa. In babu ƙyalle, ba a tsayawa. Mutum ya baro gari ne don a ƙyale shi, kuma maƙwabcin kirki shi ne wanda zai ɗaga maka hannu daga nesa ya wuce. Taka gadar wani ba gayyata daidai yake da faɗa masa ɗaki yana canza kaya. Hilkka ta riƙe wannan doka tun ranar da ta fara aiki.

A can tsibirin ƙarshe akwai wani jan gida na Viljo, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya kafa kowane katako na gidan da hannunsa. A nan 'ya'yansa biyu, Marjukka da Tapani, suka yi duk hutunsu na ƙuruciya. Yanzu sun haura hamsin, suna birni, matarsa kuma ta rasu, shi kaɗai yake zuwa. Tsakaninsa da Hilkka sai tsiya.

"Kin makara, direbar kwano," haka yake tarbarta. "Mu a jirgin ƙasa da tuni an kore ki."

"Ku da aka shimfiɗa muku hanya? Ko makaho ya tuƙa naku."

A bazarar bara sai ya fara wani abu. Bayan burodi da kofi, ya ce ta ƙara masa baƙar alawar nan mai gishiri, ƙunshi biyu.

"Jikoki sun zo ke nan?"

"Wane jikoki? Na yaran nan ne. In na sayi ɗaya Tapani zai cinye ya bar Marjukka da kuka."

Hilkka ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Shi bai yi dariya ba. Ta duba gaɓa, ba ta ga ƙaramin takalmi ko rigar yaro a igiyar shanya ba. Ta ba shi, ta tafi tana juya maganar. Wata rana ya yi mata hira garau, har da siyasa. Wata rana kuma ta tarar ya rataye singileti a maimakon ƙyalle. Ta rasa wanne ne Viljo na gaskiya. Ta yi tunanin yi wa wani magana, amma ta ce me? Tsoho ya sayi alawa?

Sai wani hantsi ta iso tsibirin, babu ƙyalle a gadar. Hayaƙi kuwa na tashi daga sauna, ɗakin wankan tururin da ke bakin ruwa. A cikin jirgin akwai Kaisu, wata dattijuwa daga tsibirin tsakiya, wadda ta roƙi a rage mata hanya zuwa gari.

"Kaisu, kina ganin hayaƙin can?"

"Ina gani. Mutum ya hura wutarsa da itacensa, ina ruwanki?"

"Da hantsi? Wa yake wankan tururi da hantsi? Ai sai yamma."

"Wanda ya ga dama. Babu ƙyalle, Hilkka, ki wuce. In kika sauka kika tarar da tsoho tsirara haihuwar uwarsa, babu ruwana."

"Ba abin da ban gani ba a tafkin nan."

"To ni akwai, kuma ba na marmari."

Hilkka ta wuce. Ba ta yi nisa ba ta juyo. Da ta zo daidai gadar sai kunya ta kama ta, ta sake wucewa. Zuciya ɗaya ta ce wataƙila wanki yake yi, ruwan zafi yake nema. Ɗayar ta ce to ina yake, shi da ko ba ya sayen komai sai ya fito ya yi mata tsiya? Ta danna ƙaho. Shiru. Ta yi ta kewaya tsibirin har Kaisu ta ce, "Baiwar Allah, ko ki sauka ko ki tafi, kaina ya fara juyawa."

Ba ta ga wata alama da ta tabbatar mata da komai ba. Haka nan, cikin rashin sani, ta ɗaure jirgi ta taka gadar.

Gida a buɗe, babu kowa. Sauna ta yi zafi, ƙananan tawul biyu a ninke kan benci. Sai da ta zaga bayan wani babban dutse ta gan shi: a cikin tafki, da rigarsa da wandonsa, ruwa ya kai masa ƙirji, yana laluben ƙasa da ƙafa.

"Viljo! Me kake nema a nan?"

Bai ko yi mamakin ganinta ba. "Yaran nan. Na hura musu wuta, na ce wankan tafkin ya isa haka, ba wanda ya amsa. Tapani bai gama iya iyo ba." Ya ƙara taku ɗaya. Hilkka ta san wurin, gaba kaɗan ƙasa take yankewa.

Ta ce masa me? Cewa Tapani yana birni da furfura a gemu? In bai yarda ba fa? Ta shiga ta jawo shi, shi ƙato, ita ga gwiwa? Matar da ba ta taɓa sayar da burodin jiya da sunan na yau ba, sai ta ji bakinta yana cewa:

"Suna jirgina. Sun ɓuya bayan akwatin askirim."

Viljo ya tsaya cak. "Ja'irai!" Ya juyo ya fito, ruwa na zuba daga aljihunsa, ya bi ta har jirgi yana faɗa. Ya leƙa bayan akwati, ba kowa. Ya dubi Kaisu da jakarta a cinya.

"Wannan ba Marjukka ba ce."

"Ina ma ni ce," in ji Kaisu. "Zauna, Viljo, kana jiƙa mana burodi."

Ya zauna. Hilkka ta lulluɓe shi da bargo, ta zuba masa kofi daga tata butar. Yana sha, jiki na rawa, sai idonsa ya dawo daidai, kamar wanda ya farka a gidan da ba nasa ba. Ya dubi kayansa, ya dubi gadar.

"Hilkka, na sa ƙyalle ne?"

"Ba ka sa ba."

"To me ya kawo ki?"

Ta gyara masa bargon.

Ya ajiye kofin, sannan ya ce, "Kada ki gaya wa yara. In suka ji, na gama kwana a gidan nan."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. In ta yi shiru, gobe tana can wani tsibiri, wa zai zaga bayan dutse? In ta yi magana, ta raba shi da abin da ya rage masa a duniya. Ta dubi Kaisu, Kaisu ta kau da kai tana kallon ruwa. Hilkka ba ta ce masa to ba, ba ta kuma jira ta bar wurin ta yi a bayan idonsa ba. A gabansa ta ɗauko waya ta kira Marjukka, ta faɗa mata komai yana ji.

"Kin ci amanata, direbar kwano," ya ce a hankali.

Washegari 'ya'yan suka iso. Tapani ya so a tafi da shi gidan kula da tsofaffi nan take. Marjukka ta ce a bar masa wannan bazarar, ita za ta zauna. Rabonta da daɗewa a gidan tun tana budurwa, har ta manta yadda ake hura murhun. Uban da wani lokaci yake kiranta da sunan mahaifiyarta, shi ya riƙe mata hannu ya nuna mata yadda ake jera itace. Da sanyi ya fara shigowa suka rufe tagogi, aka kai shi gari. Bai sake kwana a tsibirin ba.

Shi ya sa in an yaba wa Hilkka sai ta girgiza kai. "Ni ban sani ba," takan ce. "Na fitar da shi daga ruwa, na fitar da shi daga gidansa. Wanne ne aikin nawa?"

Ranar da aka yi mata walimar sallama a bakin tashar jirage, Marjukka ta kawo shi a keken guragu. Hilkka ta durƙusa gabansa da ƙyar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ke 'yar tafkin nan ce?"

"'Yar nan ce, Viljo."

"To ki yi hattara. Akwai wata mata da ke sauka gadar mutane ba gayyata. Ta taɓa yi min. Ba ta da kunya ko kaɗan."

"Me ka yi mata?"

"Me zan yi mata? Mun sha kofi."

Goggo Hilkka, uwar 'yan tsibiri, ba mu da amsar tambayarki, don mu ma da muna cikin jirgin nan da mun yi ta kewayawa, wataƙila ma mu wuce. Abin da muka sani shi ne kin tsaya alhali ba ki da tabbas, kin ɗauki fushin mutumin da kike girmamawa, kin kuma yi shi a gaban idonsa. Mun gode, mu da kika ciyar muna yara, da iyayenmu da suka tsufa a kan hanyarki. Allah ya huta da gajiya, ya sassauta wa gwiwoyin nan.

Mu kuma da muka rage a bakin ruwa, mu ci gaba da barin maƙwabci ya sha iskarsa, wannan ɗabi'a ce mai kyau. Amma ranar da zuciya ta ƙi kwanciya a kansa, mu sauka, ko da ba mu san abin da za mu tarar ba. Gara ya ce ba mu da kunya, muddin da bakinsa ya faɗa.