Wanda Ya Biya Kuɗin Keken Yaya

Keken ɗinki irin na da ba ya lalacewa. Wannan ba abin jayayya ba ne, masana sun gama bincike a kai, kuma babbansu shi ne mijin yayata. Bai taɓa ɗinka ko maɓalli ba, amma duk baƙon da ya shigo sai ya kai shi gaban baƙin keken da Yaya ta gada a wurin mahaifiyarmu, ya ƙwanƙwasa kansa, ya ce, "Ƙarfen da ke nan. Tun da ya shigo gidan nan ban kashe masa sisi ba." Gaskiya ya faɗa. Shi dai bai kashe ba.

Wanda nake so in jinjina wa yau ba ya cikin masanan. Teloli suna kiransa Baba Ƙoshiya, da sunan ɗan ƙarfen nan mai riƙe zaren ƙasa a cikin keke. Shagonsa yana bayan layin masu yadi, jikin na mai gyaran rediyo. Kullum da safe sai ya share ƙofa, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan benci, ya jera sukundireba da gwangwanin mai da wani buroshin haƙori da ya daɗe da barin aikin baki. Sannan ya zauna jiran masu kekunan da ba sa lalacewa. Ba ya daɗewa yana jira.

Ba ya taɓa keke sai mai shi ya taka a gabansa, don a cewarsa rabin ciwon keke a ƙafar mai shi yake. Bayan nan sai faɗa, wanda kyauta yake bayarwa: a ɗiga mai, a goge ƙurar zare da ke taruwa a ƙarƙashin haƙoran keken, a canja allura kafin ta dakushe, a gyara igiya idan ta saki. Ladan da yake karɓa bai kai kuɗin yadin riga ba, duk da haka sai an yi ciniki da shi kamar ana sayen tsohuwar akuya. A bayansa akwai kanta da yake kira maƙabarta, cike da matattun kekuna. Masana'antar da ta ƙera su ta daina yin kayan gyaransu tun muna yara, saboda haka matattu ne ke ciyar da masu rai, Baba kuma shi ke rabon gadon.

Da keken nan Yaya take biya wa 'ya'yanta makaranta, da shi take rufa wa tukunya asiri idan wata ya yi nisa. Bana ta samu aikin ɗinka kayan makarantar wasu yara, da sharaɗin ta gama kafin a dawo daga hutu, in ba haka ba a miƙa wa masu keken lantarki, kuma ba za a sake nemanta ba. A daidai lokacin ne mijinta ya yanke shawarar taimaka mata. Ya ga tana sayen ɗan man keke, ga kuwa man girki galan guda a kicin, mai kuma ai mai ne. Ya yi ta tsiyaya wa keken a ɓoye, irin na mai son a gode masa daga baya. Man girki ba ya nuna halinsa ran farko, sai ya haɗu da ƙurar zare ya zama danƙo. Ranar da keken ya cije, maigida ya sa ƙarfin namiji ya murɗa. Wani abu ya ce ƙas a ciki.

Ni na ɗaukar mata kan keken zuwa shago. Baba ya buɗe, ya kai hanci, ya shinshina.

"Wa ya soya keken nan?"

"Baban yara ne ya taimaka," in ji Yaya.

"Allah ya saka masa. Ki ce masa saura albasa."

Dariyar ba ta je ko'ina ba, don gidan ƙoshiyar ne ya tsage, wato ƙarfen da take zama a ciki. Baba ya sauko da maƙabartarsa kaf, yana laluben kowane keke da yatsa, saboda idonsa ya yi rauni, kuma ƙarshen watan nan ne ma zai rufe shagon. Babu irinsa ko ɗaya.

"Baba, idan aikin nan ya suɓuce min..."

"'Yar nan, je ki dawo jibi."

"Ai ka ce babu."

"Na ce babu, na kuma ce jibi. Kunne biyu gare ki, ki ba kowace magana ɗaya."

Da ta koma, keken na tafiya kamar ruwa. Ta biya abin da ta saba biya, har ta nemi ragi, ya rage mata. Ta gama aikin a kan kari. Mai gyaran rediyo ne ya gaya mini sauran labarin, don shi ya raka Baba gida ya riƙe masa kan wani keken. Na marigayiya matar Baba ne, irin na Yaya sak, lafiyarsa lau. Shi Baba ya tanada don idan ya bar shago ya riƙa faci a ƙofar gida, kada ya zauna sai abin da 'ya'ya suka miƙo. Daga cikinsa ya ciro gidan ƙoshiyar.

Baba, kai ne dalilin da ya sa tsofaffin kekuna suke da suna. Kai ne ka sha ƙurar zare shekara da shekaru, ƙarfe ya kwashe yabon. Mai faɗa da baki, mai gyara da hannu, mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba ka masu yi maka irin abin da ka yi wa mutane. Ga matasan da suka iya riƙe sukundireba kuma, ku je ku zauna kusa da irinsa tun suna nan. Masu keke, ku daina ciniki da mai gyara, kuma ku ɓoye galan.

Mijin Yaya dai bincikensa ya ƙara ƙarfi. Yanzu har da sabuwar hujja: keken ya ɗan yi tari, ya warke. Yaya ba ta san daga inda ƙarfen ya fito ba sai idan ta karanta wannan, Baba kuma ba zai ji daɗin na faɗa ba.

Makon jiya na bi ta gidansa. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, da wandon wani a cinyarsa, yana faci da hannu. Muka gaisa. Ya miƙo mini allura da zare.

"Zura min nan, ɗana. Ka ja shi da tsawo, ba kowa ke tsayawa ya zura min ba."